Rigar Bajamushe da Na Ɗinke

Ku matso nan, ku ba ni kunnuwanku, ku ajiye Larabcin nan naku a bakin ƙofa sai na gama. Ba tatsuniya zan yi muku ba. Abin da idona ya gani ne da abin da hannuna ya aikata, kuma wadda aka yi komai dominta ita ce uwarku, Talatu. Ni Dije ban yi karatu ba, amma ban manta ko taku ɗaya na hanyar nan ba.

Fitowarmu daga Kura ba wani abin faɗa a cikinta. Mu uku ne: ni, da kakanku Malam Sule, da Talatu a goye. Dukiyar da na ɗauko ita ce allura biyar cikin kara, da abin da ubana ya zuba mini a yatsu. Shi maɗinkin manyan riguna ne, Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya zaunar da ni kusa da shi ya koya mini ɗinkin da ido ba ya gane inda allura ta bi.

A Fallomi aka sace mana jaki. A Jinena guzuri ya ƙare, wata mata da ba ma jin yaren juna ta riƙa tura mini kunu ta ƙarƙashin danga har kwana bakwai, ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. A Jazira muka tsaya shekara huɗu muna tsinkar auduga, a can na tsinci ɗan Larabcin da nake ji, a can Talatu ta yi famfara. A Sawakin, bakin Bahar Maliya, zazzaɓi ya kwantar da Malam Sule. Ranar da zai cika ya sa na juya shi yana duban ruwa, ya ce, "Dije, ki kai yarinyar nan ta ga Ɗakin Allah." Na ce to. Ba abin da ya ƙara.

Ina zaune da takaba a inuwar wani kango sai ga wani mutum da farar riga da carbi mai tsawo, ya yi sallama da irin harshenmu na Kano. Ya ce sunansa Alhaji Tanko, ya tambaye ni garinmu, na faɗa masa.

"Haba 'yar'uwa, Kura? Ai uwata can take. Kar ki tsaya jiran takardar izinin ƙetarawa, za ki tsufa a nan. Akwai jirgin da ke ƙetarawa da bayin Allah irinku."

Wanda ya shekara bakwai bai ji an ambaci garinsu ba, shi ya san abin da na ji. Na bi shi.

Ƙaramin jirgin katako ne wanda iska ke turawa. Aka sauke mu a wani gaɓa, ba gari, ba rijiya, sai yashi da duwatsu baƙaƙe. Muka kama tafiya a ƙasa. A kwana na uku ƙafafun Talatu suka kumbura, tafin ya tsattsage, ta daina kuka ma, sai dai ta dube ni. Alhaji Tanko shi kaɗai ke da raƙumi.

"Kawo ta in ɗora ta, ya hajja," in ji shi. "Zan kai ta wurin iyalina ta huta. In kin iso Makka ki tambayi gidan Alhaji Tanko a unguwar Tandabawi, ko yaro zai nuna miki."

Ni da hannuna na ɗaga ta na miƙa masa. Ku ji da kyau, ba ƙwace ta ya yi ba. Har godiya na yi masa.

Na iso Makka, na tambaya a Tandabawi tun daga ƙasa har kan dutse. A lokacin babu waɗannan gine-ginen, bukkoki ne na buhu da gwangwanin kananzir da aka buɗe aka baje. Ba wanda ya san wani Alhaji Tanko. Na yi ɗawafi ban ga Ka'aba sosai ba, idona na kan 'ya'yan mutane. Daga ƙarshe na faɗi a gaban wata tsohuwa Basakkwaciya mai suyar gyaɗa, Iya Kulu. Ta shafa mini ruwa, ta ji labarina.

"Ɗiyata, zamna ki ji. Mutumin ga ya sai da ita. Ba ke ta fari ba."

Na miƙe na ce zan kai ƙara. Ta kama zanena ta mai da ni ƙasa.

"Da wace takarda kika shigo? Ki kai kanki, su sa ki jirgi su mai da ki Sawakin, ɗiyar ta zamna nan har abada. Mi kika iya da hannunki?"

Na ce ɗinki. Ta ce, "To, ki ɗinka hula ki shiga gida-gida. Mai talla ba a hana ta ƙofa."

Shekara biyu ina yin haka. Na kwana a bukkarta, na ci daga kaskonta, ba ta taɓa ce mini yaushe zan tashi ba. Lokacin Hajji in bi tantuna a Mina ina leƙen fuskokin 'yan aiki. Ba tsayi nake dubawa ba, ba suna ba, don na san duk za su canza. Tsaga nake nema. Ran sunanta wanzami ya yi mata irin ta gidanmu, uku-uku a gefen baki, da bille a kuncin hagu, irin wadda kuke gani a fuskata.

Wata rana da hantsi, a wani lungu kusa da Harami, na tsaya ƙofar wani dogon gida mai tagogin katako masu ado. Aka ƙwala kira daga sama, "Ya Mabruka!" Wata yarinya ta fito da tsintsiya. Uku-uku, da bille. Kwandon huluna ya faɗi daga kaina. Ta buɗe baki za ta ce Inna, na sa yatsa a leɓena. Ita ma ta gane. Ta sunkuya tana taya ni tsintar huluna, hawayenta na zuba a bayan hannuna.

Gidan Sidi Hamza ne, attajirin da ya gaji dukiya tun daga kakanni. Yadi, turare, gahawa, ba abin da jiragensu ba sa saukewa a Jidda. Uwarsa, Sitti Nafisa, tsohuwa ce, ganinta ya yi rauni ƙwarai, da yatsu take duba kaya. Aka kai mata hulata, ta shafa ciki da baya tana neman ƙullin zare ba ta samu ba.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Ni ce, ya sitti."

"Ƙarya kike yi, Batakariya. Zauna ki yi a gabana."

Na yi. Daga ranar na zama mai ɗinkin gidan. Ban faɗa wa kowa cewa Mabruka 'yata ce ba, don da sun sani da sun kore ni. Tsagarmu iri ɗaya, amma a idon mutanen gidan duk Takari fuskarsu ɗaya ce. Wata takwas 'yata na wuce ni a matakala tana ce mini "ya hala", wato goggo, ni kuma ina ce mata Mabruka. In na koma bukka sai in cusa zane a baki kada Iya Kulu ta ji ni.

Aikin Talatu shi ne ɗakin adaka a can saman gidan, inda ake ajiye tufafin kakanni. Ita ke shara, ita ke zuba ganyen da ke korar asu. Ta taɓa fasa wani kasko na tangaran, Sidi Hamza ya ce a gabana, in ta ƙara ɓarna zai ba wani abokinsa ita ya tafi da ita Najadu, can cikin hamada. Wanda aka kai can kuwa ba a sake jin labarinsa.

Bayan an gama babban yaƙin Turawa sai wani baƙo ya sauka a Jidda, Bajamushe. Shi ba shi da damar shigowa Makka, sai ya aiko wa Sidi Hamza da saƙo. Wai gidansu tsoffin attajirai ne a ƙasarsu, waɗanda a zamanin da sarakuna ma ke rusuna musu. Kakan kakansa ya yi abota da kakan kakan Sidi Hamza a Istanbul, ya ba shi wata rigar gadonsu don ƙulla amana. Yanzu wuta ta cinye gidansu da duk abin da ke ciki, rigar nan kaɗai ta rage a duniya daga kayan kakanninsa, yana roƙon a bar shi ya gan ta. Sidi Hamza ya ce ba gani kaɗai ba, mayar masa zai yi, don mutanen Jidda su san gidansu ba ya cin amana. Ya ce a fito da ita ta sha iska, ranar Asabar zai tafi da ita da kansa.

Ana ƙailula, gida ya yi tsit saboda zafi, Talatu ta zo ta ja ni da hannu har sama. Ta buɗe adakar da rigar ke ciki.

Ban taɓa ganin tufa irinta ba. Gajeriya ce, iya ƙugu, ta ƙaranmiski baƙi mai nauyi, da zaren zinariya a wuya, hannuwanta a kumbure kamar tulu. Amma a yayyage take. Hannu biyun da ƙirji duk tsaga ce, tsaga, tsaga, jan alharinin shafi yana leƙowa ta kowace kafa kamar harshe.

"Inna, wallahi ban taɓa buɗe ta ba. Ɓera ne? Inna, Najadu zai kai ni."

Rana ta farko ke nan da ta kira ni Inna cikin gidan nan. Da hankalina na jikina da na lura cewa ɓera ba ya yanka a jere, ba ya auna tsayi. Na ma lura, amma sai na ce a raina tsufa ne ya sa yadin ya buɗe ta kan saƙa. Abu ɗaya na sani: a garinmu ba a kai wa baƙo yagaggiyar riga, kuma ba mai hankalin da zai sa almakashi a ƙaranmiski da gangan.

Na ce, "Share idonki. Ba wanda zai gani."

Na zare baƙin zare daga cikin kalmasar rigar kanta, don launi ya zo ɗaya. Kwana uku, kullum tsakanin Azahar da La'asar, ina durƙushe a ɗakin nan gumi na shiga mini ido. Na tura jan alharinin ciki, na haɗa bakin kowace tsaga, na taje gashin ƙaranmiskin ya rufe. Ban taɓa ɗinki mai kyau irin wannan ba, kafin nan da bayan nan. Da na gama rigar ta zama sumul, baƙa ƙirin, kamar yau aka yanke ta. Na yi wa Allah godiya.

Ranar Alhamis Sidi Hamza ya ce a kawo. Ya warware ta a gaban uwarsa. Ya juya ta, ya sake juyawa, fuskarsa ta canza.

"Wannan ba ita ba ce. An musanya. Ina Mabruka?"

Ya kama ta a wuyan hannu, ya kira bawansa ya ce a je a faɗa wa mutumin Najadu ya zo ya ɗauka yau ɗin nan. Na zube a ƙasa.

"Ya sidi, ita ce rigar. Ni na gyara ta. A yage na same ta."

"Kin gyara?"

"Duka. Ban bar ko ɗaya ba."

Ya ɗora hannu biyu a ka. Sitti Nafisa ta ce a miƙo mata wani abu da ke ƙasan adakar, naɗe cikin farin ƙyalle. Allo ne ƙarami, an zana wani ƙaton mutum mai jan gemu, sanye da rigar nan, kowace tsaga a buɗe, jan alharini ya bubbuɗo ta ciki, shi kuwa ya riƙe ƙugu yana taƙama.

"Matso, ya Dije," in ji ta. Ta laluba fuskata, ta bi tsagata da ɗan yatsa. "Wannan ɓera ne ya yi miki?"

"A'a, ya sitti. Ta gidanmu ce."

"To, waccan ma ta gidansu ce. Dukiya ce ta yi musu yawa, har suke yanka yadi mai tsada don a ga wanda ya fi shi tsada a ƙarƙashi. Da ita zai gane rigar kakansa. Kin shafe wa mutum tsagar gidansu."

Ban san sanda na fara kuka ba. Ni da na shekara biyu ina neman 'yata da tsaga.

Sidi Hamza ya aika kasuwa aka zo da teloli biyu, ɗaya Ba'indiye, ɗaya mutumin Jawa. Suka kai rigar bakin taga, suka duba, suka ɗaga ta a rana. Ba'indiyen ya ce shi bai ga ɗinki ba balle ya farke. Na Jawa ya ce yadin ya tsufa, ko an gani, wanda bai san inda allura ta shiga ba zai yaga shi. Suka yi sallama suka fita.

Nan tsoro ya fita daga raina. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi a gabansa ba.

"Ya sidi, ni na san inda allurata ta bi. Zan buɗe ta kafin Asabar. Amma ka ba ni 'yata."

"Wace 'yarki?"

"Wadda ka riƙe. Sunanta Talatu. 'Ya ce, ba baiwa ba, ubanta malami ne, kabarinsa na Sawakin. Sace ta aka yi aka sayar maka."

Ya ce zai sa a ɗaure ni. Na ce ya ɗaure, amma da ɗaurarren hannu ba a farke ɗinki. Ya ɗaga hannu zai mare ni, uwarsa ta ce, "Hamza." Ta sa aka kawo mata Talatu, ta shafa fuskarta, ta sake shafa tawa.

"Wata takwas," in ji ta, "kuna gani da ido biyu, ba wanda ya gani. Rantse mata."

Ya rantse, amma da sharaɗi: in rigar ta dawo yadda take, ba ƙari ba ragi, zai rubuta wa yarinya takardar 'yanci gaban alƙali. In ta yage ko da faɗin farce ne, ita Najadu, ni jirgin Sawakin.

Aka kai ni soro inda haske ya fi yawa. Farkewa ta fi ɗinki wuya sau goma. Da tsinin allura nake ɗaga zare ɗaya-ɗaya, ina riƙe numfashi. Na yi wunin Alhamis, na yi safiyar Juma'a. Ina jin liman yana huɗuba daga Harami, saura tsaga uku, a bayan hannun dama, sai yatsana ya zame da gumi. Na ji wani ɗan ƙara, ƙiii. Yadin ya tsage kusa da tsohuwar tsaga, tsawon ɗan yatsa.

Na zauna ina kallonta. Na tuna raƙumin Alhaji Tanko yana nisa da ita. Na ce, ya Allah, sau biyu ke nan da hannuna. In na ɗinke, za a gani, don yanzu ido zai bi kowace tsaga. Sai na dubi allon nan mai zane da aka bar mini don in kwatanta. Gaban mutumin kaɗai aka zana. Ba wanda ya zana bayansa.

Na ɗauko askar da nake yanke zare. Na daidaita bakin yagar, na ƙara mata tsayi ta yi daidai da 'yan'uwanta. Sa'an nan na juya hannun hagu, na auna da kara, na ce bismillahi, na tsaga lafiyayyen ƙaranmiski da hannuna, don su zo biyu daidai. Na ga tsoffin an shafe bakinsu da wani abu kamar ƙaro don kada su zare, sai na jiƙa ƙaro da ɗan ruwan gahawa na shafa wa sababbin. Na jawo jan alharini ta ciki ya leƙo.

Bayan La'asar aka taru. Sidi Hamza ya aza rigar kusa da allon yana dubawa, tsaga bayan tsaga. Bai ga komai ba. Sai ya miƙa wa uwarsa.

"Ke kika san ta tun kina amarya, ya ummi. Duba mini."

Ta fara bi da yatsu, leɓenta na motsi. Ta gama ƙirji, ta gama gaban hannuwa, ta juya baya. Yatsanta ya zo kan tawa ya tsaya. Ta kai shi hanci ta shinshina. Ta laluba ɗaya hannun, ta sami 'yar'uwarta. Ta ɗago fararen idanunta wajen da nake tsaye.

"Yaya, ya ummi?"

Ta ninke rigar a hankali ta miƙa masa.

"Haka na san ta," in ji ta. "Kira alƙali."

Da muka fito daga lungun, Talatu ta tsaya tsakiyar hanya ta ce "Inna" da ƙarfi, ba don tana son komai ba. Ta sake faɗa. Na kama hannunta muka wuce Harami kai tsaye, na tsayar da ita gaban Ɗakin Allah, na ce, "Malam, ga ta na kawo." Ranar ce ni ma na fara ganinsa.

Sidi Hamza ya kai rigar Jidda. An ce Bajamushen ya rungume ta yana kuka kamar yaro, ya tafi da ita ƙasarsu. In tana nan har yau, akwai tsaga biyu a bayanta da ba na gidansu ba ne, na 'yar maɗinkin Kura ne. Shi Sidi Hamza bai ƙara yi mini magana ba har ya mutu, amma bai karya rantsuwarsa ba. Sitti Nafisa ta rasu bayan shekara biyu. Ni na ɗinka likkafaninta, ita ta bar wasiyyar haka, kuma kullum na yi salla sai na roƙi Allah ya ɗora mini nauyin maganar da ta faɗa, ya sauke mata. Iya Kulu a hannuna ta cika, cikin bukkar gwangwanin nan, aka kai ta maƙabarta tana da 'ya da jika masu kuka, ita da ta zo Makka ba kowa. Alhaji Tanko na gan shi sau ɗaya a Mina, ya tsufa, yana jan wata mata da yara biyu. Na yi ta ihu da Hausa har mutane suka taru, ya saki kayansu ya shige cikin tantuna. Ban san ƙarshensa ba.

Kura kuwa ban koma ba. Talatu ta girma a Tandabawi, ta yi aure, ta haife ku. Da aka zo sunan babbarku ubanku ya ce an daina tsaga, ba za a taɓa fuskar 'yarsa ba. Uwarku ta dube ni, ni ma na dube ta. Shi ya sa ba na barin ku ku saki hannuna a cikin taro. In kun ɓace, ban san da me zan neme ku ba.